Garmani a bakin ramin tsakuwa: amsoshin wasiƙun manoma

Wani manomi daga yankin Mirriya ya rubuto cewa gonarsa tana maƙwabtaka da ramin da aka daɗe ana haƙar jar ƙasa da tsakuwa a cikinsa domin aikin hanya. Masu aikin sun kwashe motocinsu, garmani ya rufe filin, yanzu kuma ya fara shiga kunyoyin hatsinsa. Sau biyu yana yin feshi, amma kowace damina sai ciyawar ta dawo. Yana tambaya ko akwai maganin da ya fi ƙarfi.

Malam, na gaji da amsa wannan tambaya, amma zan sake: kada ka ƙara kashe ko dala ɗaya a kan feshi. Lokacin da aka buɗe ramin, an kankare ƙasar sama wadda take ɗauke da irin ciyayi masu amfani, sannan manyan motoci suka daddanne abin da ya rage har ruwan sama ya daina shiga. Irin wannan faƙo garmani ke so, domin saiwarsa tana nitsewa inda kyasuwa da burburwa ba su iya kama ƙasa, dabbobi kuma ba su damu da ɗanyen ganyensa ba, sai su cinye duk abin da ke kewaye da shi su bar masa fili. Idan ka fesa magani, ganye ya ƙone, ƙasa ta sake zama tsirara, irin da ke kwance a cikinta kuwa yana nan yana jiran ruwan farko. Ka lura kuma cewa wasu kwalaben da ake shigowa da su ta kan iyaka maganin ciyawa mai suna paraquat ne a ciki, wanda aka haramta a ƙasashen CILSS (ƙungiyar ƙasashen Sahel masu yaƙi da fari) tun 2011, kuma babu maganin da ke karya dafinsa idan mutum ya sha.

Aikin na hannu ne, kuma yana da lokacinsa. A watan Yuli zuwa farkon Agusta, washegarin ruwa mai yawa, ƙasa tana da laushi, garmani yana tugewa har saiwa. Idan ka sare shi da adda sai ya tofo daga kututture da rassa fiye da na da. Da zarar ka ga furensa mai ruwan ɗorawa, to ka kusa makara, domin ƴaƴan suna da ƴan ƙayoyi da ke maƙalewa a gashin tumaki da awaki, su ne ke kai maka shi tsakiyar gona. Wanda aka tuge kafin ya yi ƴaƴa a shimfiɗa shi a kan faƙon ya ruɓe, wanda ya riga ya yi kuwa a tara shi wuri guda a ƙone.

Kuskuren da na fi gani shi ne a tuge a tafi gida. Filin da aka tuge dole ne a ba shi wani mai gida, in ba haka ba tsohon zai dawo. Ku haƙa ramuka masu siffar rabin wata a gicciyen gangare domin su tare ruwa, ku zuba takin gida wanda ya ruɓe sosai, sannan ku watsa irin kyasuwa da burburwa, ku dasa gamba a kan gaɓar ramukan. Yakuwa da tafasa ma suna saurin rufe ƙasa, ga ganyen miya da na kwaɗo. Bayan haka sai a hana dabbobi shiga aƙalla damina biyu, kuma wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka je wurin maigari da magajin gari da ma'aikatan gandun daji, a zauna da makiyaya a yi gayya, a kuma nemi wanda ya haƙa ramin ya maido da tulin ƙasar sama idan har yana nan a gefe.

Wani daga Matamai yana tambaya ko ya cinna wa filin wuta da rani. A'a, wuta za ta cinye ɗan ciyayin da ke kare ƙasa daga iska, ta bar irin garmani a ƙasa.

Wata baiwar Allah mai lambu a Gidimuni ta ce kachalla ta cika tsohon ramin kanwa da ke kusa da ita, tsuntsaye suna kwana a ciki suna yi mata ɓarna. Hajiya, kachalla tana shaƙar iska ne ta ganyenta zuwa saiwa. A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda ruwan zai rufe kututturen, kafin ta fitar da kan nan mai kama da zangarniyar hatsi, a maimaita sau biyu ko uku a shekara. Kada a fesa komai a ruwan da dabbobi ke sha.

Mai tambaya kan tumfafiyar da ta fito a kan tulin ƙasar da aka haƙo: ka bar ta tana riƙe maka ƙasa har ciyawa ta kama, sai dai a kiyaye idanun yara daga farin ruwanta.