Na karɓi tubabbun 'yan daba a shagona, amma hankalina bai kwanta ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Kano, mai unguwarmu ya roƙe ni in karɓi samari 3 da suka ajiye daba in koya musu sana'a, ɗaya ma bai daɗe da fitowa daga gidan yarin Kurmawa ba. To yanzu sai nake jin wai biyu a cikinsu unguwanninsu na gaba da juna, ga shago cike da rodi da guduma. In sallame su ne ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Don Allah kar ka sallame su, in ka kore su majalisar da suka baro ita ce za ta karɓe su hannu bibbiyu.

Amma fa kar ka haɗa su aiki tukuna. Ka kira kowanne shi kaɗai ka tambaye shi wa yake da gaba da shi, an taɓa sara ko an zubar da jini tsakaninsu, domin faɗan daba yawanci ramuwa ce, yaro zai iya tuba da gaske amma waɗanda ya sara ba su manta ba, kuma yaran tsohon ogansa na nan suna jiransa a bakin layi. Shi ya sa ni hanyar komawa gida ta fi ba ni tsoro a kan cikin shagon. Ɗaya ya zo da safe ɗaya da rana, kowa ya tashi kafin magariba, abokai kuma kar su zo hira ƙofar shago. Kayan aiki a ƙirga kafin a rufe.

Sulhun kuma ba kai kaɗai za ka yi ba, a zauna da iyayensu da masu unguwannin biyu da liman, DPO na yankinku ma ya san da zamansu. Ko a 2023 da kwamishinan 'yan sanda Usaini Gumel ya karɓi tuban 'yan daba a Kano, sai da aka rubuta sunayensu suka miƙa makamai.

Sai maganar ƙwaya. Wanda ka ga yana layi ko ido ya yi ja kar ya taɓa injin yanka ƙarfe ranar, a kai shi wajen masu ba da shawara na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA.

Kuma ka riƙa ba su ɗan na kashewa kullum ko yaya yake, saboda in siyasa ta matso akwai masu zuwa nemansu da kuɗi a hannu.