Amsa kan sauke manhaja ta uTorrent

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka tambaya ko akwai haɗari in ka sa uTorrent a laftof ɗinka na makaranta don sauke manhajoji kyauta. Gaskiya akwai, kuma ba ƙarami ba.

Shi uTorrent, abin da kake saukewa da shi ba daga kamfani kake ɗaukowa ba, daga kwamfutocin mutane ne da ba ka sani ba, kuma kana saukewa kai ma kana tura ma wasu, shi ya sa data ke zurarewa, sannan duk wanda ke kan fayil ɗin yana ganin lambar IP ɗinka, wato adireshin na'urarka a intanet. Inda ya fi ban tsoro shi ne manhajar kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita kyauta, za a ce sai ka kashe antibairos kafin ta hau, to wallahi nan ake shigo maka da mai satar fasuwod. A 2016 har manhajar Transmission kanta, wadda ke aiki irin na uTorrent, aka cusa ma bairos mai suna KeRanger, ya kulle fayilolin mutane sai an biya Bitcoin 1.

Mu nan Katsina abin ya fi yawa a waya, mutum ya karɓi APK, wato fayil ɗin sa manhaja a wayar Android, ta Xender wajen masu turi, manhajar ta nemi izinin karanta saƙonni ya danna amincewa, alhali nan lambar OTP ta banki ke shigowa. Don Allah kar ka yarda.

In rubutu kake so sa LibreOffice, kyauta ne. Fim kuma in ka ga sunan fayil ɗinsa ya ƙare da .exe, manhaja ce ba fim ba, goge shi kawai.