Kuroton ya fara zubar da ganye a ɗaki: me za a yi?

Ka ce da ni, "Maigida, kuroton ɗin da aka shigar ɗaki yana ta zubar da ganye, sabbin da ke fitowa kuma kore ne. In ƙara masa ruwa da taki?" A'a, ɗana, kada ka ƙara ko ɗaya tukuna.

Kuroton, wannan shukar ado mai ganye kala-kala, ba ya son a sauya masa mazauni. Asalinsa daga Indonesiya da Malesiya da tsibiran tekun Fasifik ne, inda ɗumi da laima ba sa yankewa. Da an ɗauke shi daga lambu zuwa ɗaki, haske da iska sun canja, sai ya kakkaɓe ganye. Ka ɗan kankare bayan reshe da farce. In ka ga kore a ciki, yana da rai. Zaɓar masa wuri ɗaya ka ƙyale shi, cikin 'yan makonni zai yi toho. Masu yawo da tukunya daga lungu zuwa lungu su ne ke ƙarasa shi.

Ja da ɗorawa da ruwan lemo da ake sonsa dominsu, haske ne ke fito da su. A ajiye shi kusa da taga mai fuskantar gabas ko yamma, tazarar kada ta wuce mita 1, ya samu haske mai ƙarfi na awa 4 zuwa 6. In ranar tsaka tana dukansa ta gilashi, ganyen zai yi tabon ƙuna, sai a sa labule mai shara-shara. Amma kada ka yanke hukunci da ɗanyen ganye: ganyen irin kuroton da ake kira Petra kore da ɗorawa yake fitowa, sai ya manyanta yake yin ja. In ganyen ya girma bai rine ba, sannan ne za ka ce haske ya gaza.

Ruwa kuwa, yatsanka ne ma'auni. Tura shi cikin ƙasa santimita 2 zuwa 3. In a bushe take, zuba har ya fito ta ramin gindin tukunya, bayan minti 15 ka zubar da wanda ya taru a faranti. Nan ne ake yawan ruɗewa, domin ƙishi da yawan ruwa duka yaushi suke kawowa. Mai ƙishi yana miƙewa 'yan awanni bayan ya sha. Wanda ruwa ya yi wa yawa, ƙasarsa jiƙe take amma yana langaɓe, ganyen ƙasa na faɗuwa, wani lokaci har da wari. Wannan saiwa ce ta ruɓe. Zare shi, yanke duk saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi, ka mayar da shi sabuwar ƙasa mai tsane ruwa, wadda aka gauraya da yashi mai kauri. In za ka sauya tukunya, kada ta fi tsohuwar faɗi da sama da santimita 5.

Ɗumin da yake so digiri 16 zuwa 29 ne. Iskar na'urar sanyaya ɗaki da ta bakin ƙofa suna zubar masa da ganye. Busasshiyar iska kuma tana jawo wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo, waɗanda launin ganyen ke ɓoye ɓarnarsu. Riƙe farar takarda a ƙasan ganye ka karkaɗa. In ka ga ɗige-ɗige suna motsi, ko siririyar yanar gizo a hammatar ganye, su ne. Wanke ganyen gaba da baya, ka fesa ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa mara kaifi cikin lita 1, duk bayan kwana 5 zuwa 7, sau uku.

Taki sai toho ya fito: na ruwa, rabin abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Lokacin sanyi a dakata.

In ya yi tsawo gindinsa ba ganye, datse shi daidai saman gaɓa, zai yi rassa. Sa safar hannu kafin ka yanka, domin farin ruwan da ke fita yana sa ƙaiƙayi, yana ƙona ido, kuma guba ne in aka haɗiya. Saboda haka a ɗora tukunyar inda yara da kyanwa da kare ba za su kai ba.