Hukuncin riƙe banki da ba da rance a cikin wasan intanet

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina buga wasan intanet na duniyar almara, irin wanda dubban mutane ke shiga lokaci guda. A garuruwan wasan akwai ma'aikacin banki da muke ba wa ajiyar zinare da makamai. Yanzu kuma 'yan ƙungiyarmu sun naɗa ni ma'aji, suna so in riƙa ba da rancen zinaren wasa, wanda ya karɓi 100 ya dawo da 110. Wannan kuɗin ruwa ne, ko kuwa wasa wasa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, ɗana, da ka tsaya ka tambaya kafin ka fara.

Ma'aikacin bankin da kamfanin wasan ya dasa a bayan kanta, kamar wanda ake gani a RuneScape ko World of Warcraft, lamarinsa mai sauƙi ne. Ka miƙa masa takobi da buhun zinare, gobe ka dawo ka tarar da su yadda ka bar su, babu ƙari babu ragi. Wannan ajiya ce kawai, kuma asalin mu'amala halacci ne sai an samu dalilin hani. Babu laifi a ciki.

Inda maganar take shi ne rancen. Wasu za su ce zinaren wasa lamba ce a kwamfutar kamfani, ba dukiya ba. Da a ce wasan a rufe yake, zinarensa ba ya haɗuwa da kuɗin gaske ta kowace ƙofa, da na ce ba riba ba ce a haƙiƙa, ko da yake ba na son musulmi ya saba wa hannunsa da siffar abin da Allah Ya shelanta yaƙi a kansa a aya ta 279 ta Suratul Baƙara. To amma manyan wasannin nan sun buɗe ƙofar. RuneScape ya fito da Bond a 2013, World of Warcraft ya fito da WoW Token a 2015: mutum ya saya da kuɗinsa na gaske, ya sayar da shi a kasuwar wasan a ba shi zinare, wanda ya saya kuma ya biya kuɗin rajistarsa da shi. Abin da ake saye da gumi, ake kuma biyan buƙata da shi, ya zama abu mai ƙima. An ruwaito daga Imamu Malik a cikin littafin Mudawwana cewa da mutane za su mayar da fatu kuɗi, su buga musu hatimi, da ya ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Wato abin lura shi ne yadda mutane suka ɗauki abu, ba abin da aka ƙera shi da shi ba. Ka ƙara da ƙa'idar da malaman fiƙihu suka haɗu a kanta, cewa duk rancen da aka sharɗanta ƙari a cikinsa riba ne, ko kuɗi aka ranta ko hatsi. Saboda haka a irin wannan wasa, 110 a kan 100 bai halatta ba.

An ma taɓa ganin ƙarshen irin wannan. A wasan Second Life, wani banki na 'yan wasa mai alkawarin ruwa mai tsoka ya durƙushe a 2007, mutane suka yi asarar kuɗin gaske, har kamfanin ya hana irin waɗannan bankuna a farkon 2008.

Ka karɓi muƙamin ma'ajin, ka riƙe shi amana, domin wanda ke bayan kowane ɗan wasa mutum ne da ya ɓata dare yana tarawa. Ka ranta 100 ka karɓi 100. In wanda ya karɓi rancen ya ƙara wani abu don kansa ranar biya, ba da sharaɗi ko al'adar da aka saba ba, malamai da yawa sun halatta. In ƙungiya na son asusunta ya ƙaru, ku sayi kaya ku sayar a kasuwar wasan. Kada kuma ka sayar da zinaren a waje in dokar wasan ta hana, tunda ka amince da ita ranar da ka yi rajista, musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu.

Duk wannan da sharaɗin wasan bai sa ka caca ko girmama gumaka ba, kuma bai cinye maka lokacin salla ba. Wallahu a'alam.