Shekarun gilashin kyamarar Soviet: lamba kaɗai ba ta isa shaida ba

Jiya da zan fita sallar La'asar ka tare ni da gilasan nan biyu da aka kawo wanki, ka ce: "Maigida, Helios ɗin lambarsa ta fara da 79, na ce 1979 ne. To shi wannan Industar-26M da ya fara da 21 fa, 1921 ke nan?" Na yi dariya na wuce. Yau zauna in warware maka.

A kan Helios ɗin ka yi daidai. Yawancin masana'antun Tarayyar Soviet suna sa shekarar ƙira a lambobi biyu na farko. Haka KMZ ta garin Krasnogorsk kusa da Mosko take yi a yawancin kayanta, haka Arsenal ta Kiyef, haka ta Valdai. Amma FED ta Kharkif, wadda ta ƙera Industar ɗin da ke hannunka, jera lambobinta kawai take yi a wancan zamanin. Ita kanta sai 1934 ta fara ƙera kyamara, ta yaya za ta yi gilashi a 1921? Industar-26M abokin tafiyar kyamarar FED-2 ne, wadda ta fito a 1955, don haka daga nan za ka fara lissafi.

Shi ya sa kafin ka karanta lamba, nemi tambarin masana'anta a zoben gaba. Na KMZ ɗan gilashi ne mai gefe huɗu, kibiyar haske ta shiga ta karye ta fita. Na Valdai kuwa kamar tsire ne a tsinke, su ma Rashawa da sunan gasasshen namansu suke masa laƙabi. Helios-44-2 ɗin nan masana'anta uku suka yi shi, KMZ da Valdai da ta Minsk, kuma ba duka ke lissafi iri ɗaya ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Zoben gaba da aka rubuta suna da lamba a kai, murza shi ake yi ya fita. Sau nawa ka ga na cire shi da roba a teburin nan? To abin da na iya, ɗan kasuwa ma ya iya. Saboda haka lamba ta faɗi nata, sai ka tambayi jikin gilashin ko ya yarda.

Farin jiki na alminiyam ya fi yawa a shekarun 1950 da 1960. Mai zanen baƙi da fari kamar jakin dawa ya biyo baya, sannan baƙi ƙirin ya mamaye daga wajen 1970. Idan ka ga jan harafi mai kama da ƙofa, wato П, yana nufin an yi wa gilashin shafen rage ƙyalli. Da shafen ya zama ruwan dare a farkon shekarun 1960 sai suka daina rubuta shi. Tsofaffi kuma da santimita ake rubuta tsawon hangensu (focal length), 5 cm maimakon 50 mm. Alamar inganci ta Soviet mai kusurwa biyar ba ta wanzu ba sai 1967. MC, wato shafe hawa-hawa, ya fi yawa a kayan shekarun 1980. Wanda aka rubuta masa Rasha a matsayin ƙasar ƙira, bayan rushewar Tarayyar a 1991 aka yi shi.

Leƙa ciki ka ƙirga ganyayen ƙarfen da ke tsuke haske. Helios-44 na farko, wanda aka fara a 1958 bisa tsarin Biotar na kamfanin Zeiss na Jamus, ganye 13 gare shi. Daga baya aka koma 8, wasu na ƙarshe ma 6. Sai gindin da ake murzawa a kyamara: na tsofaffin kyamarorin Zenit faɗinsa milimita 39 ne, aka koma 42 a zamanin Zenit-E, ƙarshen shekarun 1960. Amma kada wannan ya ruɗe ka, domin kyamarorin Zorki da FED sun ci gaba da 39 ɗinsu har ƙarshe.

Bara wani ya kawo mini gilashin Jupiter-8, lamba ta ce 1955, jiki baƙi, babu jan harafi. Ya biya kuɗin tsoho, an ba shi matashi sanye da hular kakansa. Ban ji daɗin faɗa masa ba, amma na faɗa.

Za ka kuma ji masu sayarwa suna cewa lambar da ta fara da sifili biyu manyan jam'iyyar Kwaminis aka yi wa. Ni dai na buɗe irinsu, busasshen giris ɗin da ke cikin saura shi na tarar.

Mai Helios ɗin zai dawo ranar Asabar. Ka ce masa 1979, ƙirar Valdai, jiki da lamba sun yi daidai. Amma haska tocila a gilashin baya tukuna, na hango fumfuna a gefe, kuma ita za ta yanke kuɗin aikin.