Maigida na son kai mu kwanan daji a duwatsun Abzin: yara za su iya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Tahoua nake rubuto maka. Maigidana ya dage a hutun lakkol na ƙarshen Disamba mu tafi duwatsun Abzin da yaranmu uku, mu yi kwana huɗu a tanti tare da ɗan jagora daga Agadas. Babban shekararsa 13, mai bi masa 9, autan 5. Burinsa mu hau Bagzan. Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake, don an ce mini a can sama iska ba ta isar mutum, har wasu su suma. Yara za su iya? Me zan haɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Batun iska dai ki kwantar da hankalinki. Ƙololuwar Bagzan, wato Idoukal-n-Taghès, tsayinta mita 2,022 ne, kuma duk Nijar babu inda ya kai ta. Ciwon ƙarancin iska da kika ji labari, mai sa ciwon kai da amai da jiri, galibi daga mita 2,500 yake fara kama mutane. Yaro mai lafiya zai yi haki a hawa, ya huta, ya ci gaba. Sai dai in akwai mai sikila a cikinsu, to nan magana ta sake. Sanyi da ƙishirwa da tsayin wuri, kowannensu shi kaɗai yana iya tayar da ciwon, balle su haɗu. Mai sikila ko mai asma, likitansa za a fara gani kafin a ɗaure kaya.

Abin da nake jin tsoro a Disamba shi ne sanyi. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Agadas tana wajen mita 500, ke nan saman Bagzan ya fi ta sanyi da kusan digiri 10. Ki tuna hunturun Tahoua da asuba, lokacin da yara ke ƙin taɓa ruwan buta, ki ƙara masa wannan. Akwai daren da ruwan da aka bari a kwano kan wayi gari da ƙanƙara a samansa. Da rana kuwa ranar tana da kaifi har mutum ya tuɓe rigar sanyi, shi ya sa baƙi ke ruɗuwa su tafi da kaya kaɗan.

Kuskuren da na fi gani shi ne a jibga wa yaro barguna uku a sama, ƙarƙashinsa tabarma kawai. Ƙasa ita ke zuƙe ɗumin jiki. Ki sa tabarma, ki sa katifar soso, ki shimfiɗa bargo a kanta, sannan ya kwanta a rufe shi. Hula mai rufe kunne, safa biyu, da riguna uku marasa kauri sun fi babbar riga guda, don ana iya rage su in rana ta ɗaga. Rigar da ya yi gumi a ciki da rana kada ya kwana da ita. Autan ya kwana tsakaninki da babansa. Yaro mai rawar ɗari yana kuka, jikinsa na kokawa ne da sanyin. Wanda ya yi shiru, magana ta fara sarƙe masa, barci na fizgarsa, shi ne abin tashi tsaye: a canza masa kaya busassu, ki rungume shi jiki da jiki cikin bargo, in yana iya haɗiya a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari.

Kuma don Allah kada murhun gawayi ya shiga tanti, ko da na shayi ne. Gawayi na fitar da iskar guba marar wari marar launi, tana kashe mutum cikin barci. Na taɓa tashi tsakar dare na hangi ja-ja a tantin wasu baƙi da nake tafe da su. Uban ne ya shigar da garwashi don tausayin 'ya'yansa. Na fitar da shi yana ta mita. Da safe duk gidan suka tashi da ciwon kai, sai ya daina mitar.

Yanzu ga inda zan saɓa wa maigida, da girmamawa. Hawan Bagzan ta hanyar da aka saba, daga wajen Tabelot, tafiyar ƙafa ce ta sa'o'i a kan duwatsu, jakuna na ɗauke da kaya. Mai 13 zai ji daɗinta, mai 9 za a lallaɓa, mai 5 kuwa a wuyan babansa zai ƙare. Ni da nawa ne, Timia zan kai su. Tana da nisan kilomita 200 da 'yan kai daga Agadas, mota kat-kat, wato mai ja da ƙafa huɗu, na shiga har cikin gari, ga garake cike da lemo da rumman da dabino a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, ga magangarar ruwa a kusa, ga tsohuwar ganuwar Faransawa a kan tudu wadda yara za su hau su ce sun hau dutse. Bagzan ba ta gudu, a bar ta sai auta ya yi ƙwari. A bakin ruwan nan dai kada ki saki hannunsa, yana da zurfi kuma yana da sanyi.

Ɗan jagora, kafin a ba shi ko dala, maigida ya tambaye shi: mota nawa za a tafi da su? Biyu sun fi, don wurare da yawa babu layin waya. Ruwa lita nawa? Kada ya gaza lita 4 zuwa 5 ga kowane mutum a yini, ban da na girki da alwala. A ina za a kwana kowane dare, kuma ina likita mafi kusa? Wanda ya san aikinsa zai lissafo sunayen wuraren ba tare da ya yi tunani ba. Ku kuma nemi bayanin tsaro wajen hukuma a Agadas a makon da za ku tafi, don hali na canzawa. In an ce a dakata, a dakata. An binne nakiyoyi a wasu sassan Abzin lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, shi ya sa direban kirki ba ya barin sawun da motoci ke bi.

Sauran ƙanana ne. A kakkaɓe takalma kowace safiya saboda kunama. Kowa da tocilarsa. Ki riƙe man kaɗe don leɓe da ƙafa, da farasitamol, da gishirin zawo na ƙulli. In ya ƙare, lita guda na tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Daga Tahoua zuwa Agadas ta Abalak kusan kilomita 400 ne, ku ba hanyar yininta, ku kwana a gari, yara su ga hasumiyar masallacin nan ta laka mai mita 27.

In an sauka da yamma, ki roƙi mai girkin ya yi muku tagalla, gurasar Abzinawa da ake binnewa cikin yashi mai zafi a rufe da garwashi. Ki bar mai shekara 9 ta kakkaɓe tokar da hannunta idan an tono ta.