Wasan da ya haɗa rayuwar gida da dodanni

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai wasan rayuwar yau da kullum da mai son labaran dodanni zai ji daɗinsa. Akwai kuwa, wasan kwamfuta ne mai suna The Sims.

Kamfanin Maxis ya fitar da na farko a 2000, amma ni The Sims 2 na 2004 ne ya kama mini zuciya. A nan ne mutanen suka fara girma har su tsufa, yaro ya ɗauko hancin uba da idon uwa. Ka gina gida ɗaki bayan ɗaki, kana lura kada girki ya kama da wuta, ga motar aiki tana jira a ƙofa. Wallahi har yau ina kewar wasan nan.

Nightlife na 2005, wani ƙari da ake ɗorawa a kan The Sims 2, ya kawo masu shan jini. Rana tana ƙona su, dole ka saya wa naka akwatin gawa ya wuni a ciki. Pets na 2006 kuma ya kawo mai rikiɗa ya koma kyarkeci da dare. Abin da ya fi taɓa ni, dodon nan yana da iyali da maƙwabta, yana kuma neman na abinci kamar kowa.

The Sims 4 kyauta ne tun Oktoban 2022, sai dai ƙarin Vampires, mai kawo masu shan jini, sayensa za ka yi.